Neman gidan Mai Gashin Baki

Baba ne ya raɗa masa wannan suna. A shekarar da ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, kullum in na tashi daga aiki a ɗakin magani sai in biya ta wajensa, in ware masa ƙwayoyin dare da na safe, sannan ya gyara zama ya ce, "To, sa mana Mai Gashin Baki." Wani abokinsa da suka yi aikin reluwe tare ne ya aro masa tarin faya-fayan Poirot, ɗan gajeren mutumin nan na ƙasar Beljiyam mai binciken kisan kai, wanda Agatha Christie ta ƙirƙira, David Suchet kuma ya fito a matsayinsa a tashar ITV tun daga 1989 har 2013. Kashi 70 ne, mun kuwa kalli fiye da rabi. Abu biyu ke kama hankalin Baba a ciki. Na farko jiragen ƙasa. Na biyu kuwa ƙorafi ne da bai taɓa gajiya da shi ba: "Ke dubi mutanen nan, gawa kwance a falo suna shan shayi. Ba kuka, ba ta'aziyya, ko maƙwabci ɗaya bai leƙo ba."

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da Autanmu ya kammala digirinsa na biyu a Landan, ni aka wakilta in je bikin a watan Yuli. Na ce masa in an gama taro kwana biyu nake so ya ba ni, zan je ganin inda aka ɗauki fim ɗin nan. Ya dube ni ya ce, "Yaya, mutane na zuwa Ingila su ga fadar sarki, ke kuma gidan wanda ba a taɓa haifa ba za ki nema?" Duk da haka shi ya sayi tikiti.

Da sassafe muka fara da gidan. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Barbican tafiya ce ta 'yan mintoci zuwa dandalin Charterhouse, kusa da tsohuwar kasuwar nama ta Smithfield. A cikin shirin sunan ginin Whitehaven Mansions, a zahiri kuwa Florin Court ne, an gina shi a 1936. Tun daga nesa na gane shi saboda gabansa da ya lanƙwashe kamar igiyar ruwa, har da tagogin. Sai dai bai kai girman da nake zato ba. Mai kyamara yakan tsaya daga ƙasa ya ɗaga kai, ya kauce wa gine-ginen gefe, sai ka ɗauka shi kaɗai ne a unguwar. Gidan mutane ne, ba a shiga. Muna tsaye wata mata ta fito da kare da jakar shara, ko kallonmu ba ta yi ba, da alama ta saba da irinmu. Auta ya nuna mini ciyawar da ke tsakiyar dandalin ya ce a nan aka binne mutanen da annobar 1348 ta kashe, har masu haƙan sabon layin dogo suka tono ƙasusuwan wasu a 2013. Na ce ikon Allah, ashe shekara da shekaru ana ɗaukar mutuwar wasa a kan maƙabarta ta gaske.

Daga nan sai Paddington. Duk wanda ya kalli Miss Marple ta BBC, wata tsohuwa mai binciken kisa a labaran Agatha Christie, ya san sunan tashar, saboda labarin matar da ta hango ana shaƙe wata a cikin jirgin da ke tafiya gefe da nasu. Joan Hickson ce ta fito a matsayin tsohuwar daga 1984 zuwa 1992, ta kuma fara tana gab da shekara 80. A wurina har gobe ba a yi kamarta ba. Waɗanda suka biyo bayanta sun cika fara'a da rawar kai. Ita kuwa zama take da zaren saƙarta, idonta ƙur a kanka, irin tsohuwar da ke zaune a tsakar gida wadda ta san sirrin kowa a layi amma sai ranar da ta ga dama take magana. Kowace unguwa a Zariya tana da tata.

Tafiyar zuwa Torquay ta ɗauki kusan awa uku. Har Exeter gonaki ne da tumaki, na yi gyangyaɗi. Bayan Exeter ne Auta ya taɓa ni, na buɗe ido na ga layin dogon ya bi gaɓar teku a wajen Dawlish, ruwa a hagu kamar ka miƙa hannu ka taɓa, jan dutse a dama, jirgin yana shiga rami yana fita. A nan na fara kewar Baba sosai. Da yana nan da ya tambayi wa ke kula da wannan layi in teku ta yi fushi, ya kuma ba da amsar da kansa.

A Torquay aka haifi Agatha Christie ranar 15 ga Satumba, 1890, garin kuwa bai bar kowa ya manta ba. Ga mutum-mutuminta kusa da tashar jiragen ruwa, ga otal ɗin Grand dab da tashar jirgin ƙasa inda ta kwana daren aurenta na farko a 1914. Amma garin da talabijin ya sa mini a rai, mai fararen kwat da malafa da motoci masu sheƙi, ban gan shi ba. Na ga shagunan soyayyen kifi da dankali, da rumfunan wasan caca na yara, da tsofaffi a keken guragu suna shan iska, da manyan tsuntsayen teku marasa kunya da ke fizge abinci daga hannun mutum. Masu shirin sun ɗauki labaran da aka rubuta cikin fiye da shekara hamsin, suka tattara kusan dukansu suka zuba a tsakiyar shekarun 1930, musamman 1936, saboda gine-gine da tufafin lokacin sun fi kyau a ido. Wato Ingilar da muka yi ta kallo da Baba ɗinki ce: hannun riga daga wannan gari, wuya daga wancan.

A gidan tarihin garin na ƙara tabbatar da haka. A wani ɗaki a sama sai ga falon Poirot, kujerunsa da teburinsa da kayan adon da aka yi amfani da su wajen ɗaukar shirin, har da sandarsa. Da safe na bar bangon gidansa a Landan, da la'asar na tarar da cikin gidan a nan, kusan mil ɗari biyu tsakani. Auta ya ce Suchet ya karance labaran ya fitar da halaye 93 na mutumin a takarda kafin ya fara, har da yawan sukarin da yake sa wa a shayi. Ya ƙara da cewa 'yar tafiyar nan tasa ta taku ƙanana, da kwabo ya koye ta, ya maƙale shi a inda ba zan faɗa ba ya yi ta yawo kada ya faɗi. Na ce, "Kai, ka ji kunya, a gaban yayarka." Ya rantse mutumin da bakinsa ya ba da labarin.

Inda na fi daɗewa shi ne lambun Torre Abbey, tsohon gidan ibada da aka kafa a 1196. A can akwai wani ɓangare da aka shuka tsirran da gubarsu ta fito a labaran Agatha Christie. A nan aikina ya motsa. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya matar nan ta yi jinyar sojoji a asibitin da aka buɗe a zauren taron garin, daga baya ta koma ɗakin haɗa magani, ta ci jarrabawar aikin a 1917. Wato 'yar'uwar sana'a ce. A nan garin kuma ta ga 'yan gudun hijirar Beljiyam da yaƙi ya koro, daga cikinsu ta samo siffar mai bincikenta. Littafinta na farko, na 1920, dabarar kisan da ke ciki kowane mai haɗa magani zai gane ta: an zuba wani gari a cikin ruwan maganin da tsohuwa ke sha, ya sa sinadarin sitirikinin da ke ciki ya kwanta a gindin kwalba, kurɓin ƙarshe ya zama ajali. Abin da ya sa muke rubuta wa mutane a girgiza kafin a sha ke nan, suna ganin surutu ne.

Na bi tsirran ɗaya bayan ɗaya. Ga mai furanni kamar ƙararrawa wanda daga danginsa ake samun dijoksin, maganin zuciyar da na sha ƙirga wa marasa lafiya. Can kuma sai na yi turus: zurma ce, da faffaɗan ganyenta, an kafa mata allo da suna kamar wata baƙuwar sarauta. Zurmar da ke fitowa a bayan gidanmu kan juji ba mai kula ta! Daga ƙwayarta ake samun gubar risin. Na ɗauki hotonta na tura wa Inna, ta maido da saƙon murya tana dariya, wai kuɗin jirgi na kashe don in je gaida zurma.

Abin da ya tsaya mini a rai a lambun nan shi ne bambancin abin da na sani da abin da ake nunawa. A talabijin mutum ya kurɓi shayi, ya dafe wuya, ya zame daga kujera, shi ke nan, kwat ɗinsa ko yamutsewa bai yi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin gaggawa aka shigo da yaron da ya sha maganin ƙwari ya san ba haka guba take ba. Akwai amai, akwai wari, akwai uwa da ke birgima a ƙasa. Marubuciyar ta san wannan sarai, ta yi jinya. Ita da masu shirin sun zaɓi su share jinin su bar lissafin, shi ya sa ake iya kallo bayan cin tuwon dare. Ban ce laifi ba ne. Amma ƙorafin Baba yana da tushe.

Ranar ba a yi magariba ba sai bayan ƙarfe tara. Muka ci kifi, muka kwanta.

Washegari muka shiga jirgin ƙasa mai tururi daga Paignton zuwa Kingswear, tafiyar da ba ta kai mil bakwai ba. Ƙaurin gawayi, da jiniya, da ɓurɓushin toka da ke shigowa ta taga. Ya ratsa ta Churston, ƙauyen da ya zama harafi na uku a labarin mai kisa bisa jerin abacada. Daga Kingswear muka haye kogin Dart zuwa Dartmouth, muka sake shiga ƙaramin jirgin ruwa ya hau da mu kogin kamar rabin awa. Bishiyoyi sun sauko har bakin ruwa. Can sai farin gida ya leƙo daga saman tudu, Greenway ke nan, wanda Agatha Christie ta saya a 1938 kan fam 6,000 don hutun iyali. Hawan daga bakin ruwa zuwa gidan ba wasa ba ne. Sau uku ina tsayawa, Auta yana gaba da jakata yana cewa, "Sannu Yaya, saura kaɗan," alhali ƙarya yake.

Iyalinta sun miƙa wurin ga hukumar National Trust, mai kula da wuraren tarihi, a 2000, aka buɗe gidan ga baƙi a 2009. Ciki cike yake da tarkace irin na mutanen da ba sa zubar da komai: tangaran, akwatuna, sanduna, da abubuwan da suka zo da su daga Gabas ta Tsakiya, domin mijinta na biyu, Max Mallowan, masanin tono kayan tarihi ne, ta kuma yi shekaru tana bin sa Iraƙi da Siriya. A ɗakin karatu akwai zanen da wani hafsan Amurka ya yi a saman bango lokacin da sojojinsu suka zauna a gidan a yaƙin duniya na biyu, ta hana a goge. Duk wannan na wuce shi da sauri. Ɗakin jiragen ruwa nake nema.

Yana can ƙasa, sai an bi wata siririyar hanya cikin kurmi. A littafinta na 1956 mai suna Dead Man's Folly, an shirya wasan neman mai kisa a wani biki, aka sa wata yarinya ta kwanta a ɗakin nan kamar gawa, da aka zo dubawa aka tarar wasa ya zama gaske. Wannan ne labarin da aka ɗauka a ƙarshe. Wanda Poirot ke mutuwa a cikinsa an riga an ɗauke shi tun da farko, ko da yake shi aka nuna daga baya, saboda Suchet ya rabu da mutumin yana raye. A watan Yunin 2013 ya cire gashin bakin a nan Greenway, bayan kusan shekara 25.

Ɗaki ne madaidaici, da murhu, da kujerun kaba, da baranda a kan ruwa. A karon farko cikin tafiyar nan abin da na gani ya yi daidai da abin da na sani, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Wannan kashin ba ya cikin faya-fayan da aka aro wa Baba. Ni kaɗai na kalle shi a waya bayan rasuwarsa, na kuma kama kaina ina juyawa gefe in ji me zai ce. Na tsaya a daidai inda aka kwantar da yarinyar. Wasu Turawa biyu suna ta ɗaukar hoto, ɗaya har ya yi kamar zai kwanta a wurin, matarsa tana dariya. Ni kuwa na rasa abin yi, domin ba wanda ya mutu a nan balle a yi masa addu'a. Sai na fita baranda na yi wa Baba.

Mun makara, jirgin da ya kawo mu ya tafi. A bakin ruwan akwai wata ƙararrawa da ake bugawa in ana son mai kwale-kwale ya taso daga Dittisham, ƙauyen da ke tsallake. Auta ya kai hannu, na ce ya bari. Na kama igiyar na buga sau biyu, ƙarar ta bi kan ruwa. Can muka hango wani mutum ya miƙe a ɗaya gaɓar, ya ɗaga mana hannu, ya fara kwance igiya.