Ashe ni na kusa kashe lemona da hannuna

Bana kam marka ta yi marka, watan Agusta kusan kullum sai an sheƙa ruwa, bayan gidanmu ya koma kamar fadama. Ni kuma da wayona tun farkon damina na kwaso kashin awaki buhu guda na jibge a gindin lemon zaƙina, na ƙara turo ƙasa na rufe, wai ni nan gata na yi masa.

Ran nan da safe na leƙa sai na ga ganyen ya fara yin ɗorawa, ga wani abu kamar ƙaro yana tsattsafowa daga gindin, ɓawon ya tsage ya yi baƙi, in ka danna da yatsa sai ka ji ya yi laushi. Gabana ya faɗi wallahi, shekara huɗu fa ina rainon bishiyar nan.

Na je na ɗauko wani dattijo mai lambu a unguwarmu. Ko tsugunnawa bai gama yi ba ya ce, "Yaro, wa ya ce maka ana binne wa lemo wuya? Ina inda aka yi masa aure?" Na ce, "Baba, wurin yana cikin ƙasa." Ya girgiza kai kawai. Ashe wurin auren nan, wato inda aka haɗa reshen lemon da gindin wani lemo tun yana ƙarami, dole ya zauna a sarari ya sha iska, in danshi ya daɗe a jikinsa cutar da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta kama ɓawon, kuma in ta zagaye gindin kaf to shikenan sai dai itacen girki. Nawa Allah ya taimaka gefe ɗaya ta ci.

Muka janye ƙasar da fartanya, ya sa wuƙa ya kankare ruɓaɓɓen har ya tarar da mai lafiya, ya ce in sayo maganin feshi na cutar ruɓa in dama da kauri in shafa. Muka ja 'yar hanyar ruwa zuwa kwata. Taki kuma ya ce can daidai inda inuwar rassa ta ƙare ake zubawa, nan ƙananan saiwoyi suke ci.

Zai fita kenan ya ɗaga kai ya hango kauci a kan mangwarona, ni da nake murna wai sabon ganye ne. Tsuntsaye ke manna irinsa, kuma tsige shi aikin banza ne, reshen ake datsewa ƙasa da inda ya kama. Yau Asabar, na aro zarto, tsani ne har yanzu ban samu ba.