Daga tallan guraben aiki na fara zaɓen fannin karatu

Kafin in cike takardar zaɓen fanni, tallace-tallacen guraben aiki na fara tarawa, kuma har yau a kan haka nake ɗora duk ɗalibin da ya nemi shawarata. Ashirin zuwa talatin sun wadatar, na ayyukan da mutum yake ganin zai iya shekaru yana yi. Na buɗe shafi a Excel, na fitar da abu uku daga kowane talla: digirin da ake nema, ƙwarewar da aka ambata da suna, da shekarun gogewa. Ana gama jerawa sai ayyukan suka rabu gida biyu.

Gida na farko ayyuka ne masu lasisi, irin su likitanci, jinya, haɗa magunguna da aikin lauya. A nan digirin shi ne mabuɗi, kuma dole hukumar da ke kula da sana'ar ta amince da kwas ɗin na wannan makarantar. Ɗalibi ya duba jerin hukumar da idonsa, kada ya tsaya ga abin da makaranta ta rubuta a takardar tallarta, domin wanda ya kammala kwas marar amincewa yana iya rasa damar zana jarrabawar lasisi. Gida na biyu ya fi yawa: nazarin alƙaluma, kula da ma'aikata, kasuwanci, aikin jarida da makamantansu. Tallansu yakan ce "ko digiri mai alaƙa", sannan ya lissafo abin da ake so hannunka ya iya. Kalmar da ta maimaita kanta a fiye da rabin tallan da ka tara, ita za ka koya, ko tana cikin manhajar sashenku ko babu.

Na yi gwajin sha'awar sana'a da aka gina kan ra'ayin John Holland, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda ya kasa mutane da ayyuka gida shida. Gwajin yana rage yawan zaɓi, amma iyakarsa ke nan. Bai san makinka a lissafi ba, bai san ko ana ɗaukar ma'aikata a fannin ba. Rumbun bayanan sana'o'i na intanet mai suna O*NET na ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ya fi yi mini amfani, saboda yana zayyana abin da mai kowace sana'a yake yi daga safe zuwa yamma.

Inda aka fi yin asara shi ne jerin darussan da suka dogara da juna. Na ɗauki littafin manhajar sashe, na zana zango takwas na shekara huɗu a takarda ɗaya, na ja layi daga kowane darasi zuwa wanda yake sharaɗinsa. Wani darasin sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. In ka faɗi shi, ko ka manta ba ka yi rajistarsa ba, duk na bayansa za su tsaya, shekara guda ta tafi. Irin waɗannan na yi wa jan alama, na rage nauyin zangon da suka faɗo. Haka kuma darasin share fage ba ya nuna ainihin fanni, domin an yi shi ne da sauƙi. Na nemi tsoffin takardun jarrabawar aji uku, na tambayi kaina ko zan jure irin wannan tunanin kullum. Mai son sauya fanni gara ya yi tun a shekarar farko, lokacin da yawancin darussa na kowa da kowa ne. Kafin ya sa hannu, ya karɓi amsa a rubuce daga ofishin rajista kan darussan da za a lissafa masa a sabon sashen. Alƙawarin baki ba ya shiga fayil.

Sai horon sanin makamar aiki. Manyan kamfanoni, musamman bankuna da na fasaha, sukan buɗe neman ɗalibai watanni da dama kafin dogon hutu, ƙanana kuma sai lokaci ya matso. Wanda ya jira ƙarshen jarrabawa zai tarar an rufe na farkon. Takardar CV shafi ɗaya ta ishi ɗalibi. Kamfanoni da yawa manhajar kwamfuta ce ke fara tace musu takardu, kuma tana iya rikicewa da tebura, hotuna da rubutu mai ado, saboda haka na bar tawa a miƙe, na yi amfani da kalmomin da tallan ya yi amfani da su matuƙar gaskiya ne na iya abin. Kowane layi ya faɗi aikin da aka yi da adadinsa. "Na tsara bayanan mambobi 300 na ƙungiyar ɗalibai a Excel" ya fi "ina da himma da ƙwazo" nesa ba kusa ba.

Tun a 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun waɗanda aka sani sama-sama, ba aminai ba, don aminai abin da ka sani shi suka sani. Wannan ya sa na riƙa rubuta wa tsoffin ɗaliban sashenmu gajeren saƙo a LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki: ga ni, ga abin da nake karanta, ina roƙon minti goma sha biyar in yi tambaya kan aikinsu. Ban taɓa roƙon gurbi a saƙon farko ba. Da yawa ba sa amsawa, kuma ba abin damuwa ba ne.

Kafin karɓar gurbi akwai tambaya huɗu: wa zai kula da ni, wane aiki zan yi, ana biya ko ba a biya, kuma makaranta za ta lissafa shi cikin maki? In an kasa amsa ta farko, to akwai alamar zaman kashe wando a ofis, domin ɗalibin da ba a danƙa wa kowa ba, kowa zai ɗauka na wani ne. A makon farko na zauna da mai kula da ni muka tsayar da aiki guda da zan kammala kafin in tafi. Duk ƙarshen mako ina rubuta abin da na yi, kayan aikin da na taɓa, da abin da ya gagare ni; daga nan layukan CV da amsoshin intabiyu suke fitowa. Wasiƙar shaida kuwa a mako biyun ƙarshe ake nemanta, tun ana tune da kai, kuma ba a fita da samfurin aiki sai da izini, saboda sirrin kamfani.

Gani ya kori ji, amma horo ɗaya bai isa a yanke wa fanni hukunci ba. Idan bai yi daɗi ba, littafin makon zai nuna ko aikin kansa ne ya gundure ka ko wurin ne. In wurin ne, a gwada wani mai girma daban a hutu na gaba. In aikin ne, a koma kan takardar zango takwas a ga darussan zaɓi nawa suka rage da za a karkata su zuwa wani layin.