Rainon naman ƙarin ƙwaƙwalwa a cikin kwalba

Da na zo hutu Damagaram, muna zaune a tsakar gida bayan magariba, Iya ta ce: "Kai da ba ka duba marasa lafiya, aikin me kake yi can Faransa?" Na ce: "Iya, raino nake yi."

Ƙarin da na fi aiki a kai sunansa giliyobilastoma, mafi tsanani a cikin kansar ƙwaƙwalwa. Bayan tiyata, idan mara lafiya ya yarda, sai a ba mu ɗan guntu, bai kai ƙwayar gujiya ba. In yayyanka shi, in zuba masa sinadarin da ke raba ƙwayoyin halitta, in sa su a kwalba cikin ruwan abinci mai launin ja. Daga nan sai akwatin ɗumi, zafi digiri 37 kamar jikin mutum.

Kwalabena na farko duka sun lalace. Da safe na tarar ruwan ya gurɓace, ya koma ɗorawa: ƙwayoyin cuta sun shiga. Gaggawa ce ta sa, na ratsa hannu ta saman kwalba a buɗe. Abin ya tsaya mini a rai, don naman nan an ciro shi ne daga kan wani bawan Allah da iyalinsa ke jira a bakin ɗakin tiyata. Tun daga ranar nake jera kayana kaf kafin in buɗe murfi ɗaya.

Abin da ya riƙe ni a aikin nan shi ne yadda ƙwayoyin halittar ƙarin ke sauya hali. Muddin ina ba su sinadaran girma, EGF da FGF, sai su dunƙule suna yawo a ruwa, suna ta hayayyafa. Da na janye waɗannan na zuba ruwan jinin ɗan maraƙi, sai su sauka su manne a gindin kwalba. Cikin kwanaki su miƙa rassa kamar taurari, hayayyafar ta ragu, da yawa su ɗauki kamannin ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ranar da na fara ganin haka a madubin awo mai ƙara girman ƙananan abubuwa, na daɗe ban ɗaga kai ba.

Iya ta yi shiru, can ta ce: "To mai naman fa, ya samu sauƙi?" Na gaya mata ba a ba mu sunansa, lamba kawai muke gani a jikin kwalba. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a.