TARIHIN RAYUWATA, kashi na 7: Shigata tekanikal

Jama'a Assalamu alaikum. Satin da ya wuce mun tsaya inda sakamakon aji uku ya fito aka turani tekanikal, sashen gyaran jikin mota. Ranar da labari ya isa gidan Baffa, a gaban su Inna yace wai tekanikal makarantar wadanda boko ya kayar ce, dan gidanmu guda zai kare a fanal bita. Wlh har yau in na tuna sai naji kirjina yayi zafi.

Mota daya ce tal a wokshop dinmu, tsohuwar Fijo 504 hadin Kaduna, ba inji ba taya, duk ajin da ya wuce sai da ya bugeta. Malaminmu, Allah ya jikansa, da kansa zai dau guduma ya lotsa kofar yace to bismillah ku tayar. Kuma baka isa ka taba fila ba, wato kullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, sai karfe ya dawo daidai, yace masu lafta fila kamar yaben daki su suka bata sana'ar nan, damina daya fenti ya tsage. Zai sa ka rufe ido ka shafa da tafin hannu, wai hannu yana jin abinda ido bai gani ba. A wajensa na koyi gasa wurin da ya kumbura da wutar kabaid sannan a dora jikakken tsumma karfen ya tsuke, ga sanfefa da ruwa har yatsunmu su saluce, ga warin tina, ruwan sirka fenti, da yake bina har gida Inna tana fadan kayana.

Shekaru bayan nan fa Baffan nan da kansa ya turo min motarsa gareji, adaidaita ta murkushe masa madigadi, na gyara ban karbi ko sisi ba, ya zagaya yana shafawa yana neman inda aka buga bai samu ba. Bai ce komai ba, nima ban tuna masa ba, amma wai wadanda boko ya kayar!

Na dawo baya. Duk Asabar Kofar Ruwa nake tafiya wajen wani oga ina rike masa karfe yana walda, da kudin nan na hada na biya NABTEB, jarabawar kammala tekanikal, Inna ta cika min da kudin adashinta. Yadda muka rabu da ogan kuwa, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.