Ɗan ɗakin da ke gefen majami'a

Ginin ƙasa muka gada a gidanmu, kuma da shi nake ci har yau, ni da ƙannena da yaran da ke koyo a hannunmu a Zariya. Yawancin aikinmu gyaran zaure ne da sorayen cikin birni. Daga baya-bayan nan ne majami'un ƙauye suka fara nemanmu, kuma ba don babban ɗakin sujada ba. Shi wannan tuni an rushe shi an tayar da na bulo da kwano. Ɗan ɗakin da ke gefe ne suke kiranmu a kai, wanda ya tsira saboda babu wanda ya kula da shi.

Irinsa muka gyara a ranin da ya wuce a wani ƙauye na yankin Ikara. A cikinsa mai bisharan farko na garin ya zauna, a nan ya koya wa yara karatun boko da Hausa. Da ya rasu sai ɗakin ya zama ma'ajiyar ganguna da bencina da hatsin baikon godiya bayan kaka. Da na ɗaga kai na ga baka guda ɗaya tak a rufin, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da nauyin rufi, an ɗaure ta da kyau, sai na san maginin ya taɓa ganin aikin manya. Lokacin da mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu wa'azin bishara ta cocin Anglican, ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, da tubali da azara aka gina majami'ar St. Bartholomew, da ilimin nan na ɗaurin baka da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshensa a Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu. Hannun da ya yi ɗan ɗakin nan daga wannan makarantar ya sha.

Abin da ya kusa kashe shi siminti ne. Dattawan ikilisiya sun shafe bangon da shi da kyakkyawar niyya, don su huta da yaɓe. To amma bangon ƙasa yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shigo ta tsaga ko ta ƙasa ba shi da mafita, sai ya zauna yana cin tubali ta ciki. Waje sumul, in ka ƙwanƙwasa kuwa sai ka ji holoƙo. Wannan abu yana ci mini rai, domin na ga sorayen da suka haura shekara ɗari sun zube cikin 'yan shekaru ta wannan hanya.

Muka ɓare simintin kakaf, muka bar bango ya sha iska. Gindin da ya zagwanye muka riƙa cire shi kaɗan-kaɗan muna cusa sabon tubali, ba a buɗe wuri biyu a jere. Ƙasar ma daga tsohon kududdufin garin muka haƙo, don ta yi daidai da ta asali, aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta tsima. Azara uku ne kawai suka lalace, inda indararo ya toshe ruwa ya kwanta. Gara ba ta cika damun azara ba, ruwa ne maƙiyinta. Samun tsohuwar giginya mai ƙwari ya yi wuya yanzu, kuma kuɗinta ya fi na komai a aikin.

Laso, wato shafen da ke hana ruwa ratsa rufi da bango, shi ne ya fi ba mu wahala. Sai da katsi, wato guggubin da ke kwanciya a ramin rini, daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi, ga shi marinai sun yi ƙaranci, har Kano muka aika neman katsi. Makuba kuwa, wadda ake ƙarfafa daɓe da yaɓe da ita, matan zumunta ne suka ɗauke mana nauyinta. Su suka tara ɓawon ɗorawa suka jiƙa, su kuma suka yi daɓen ɗakin da kansu suna waƙa. Wata tsohuwa ta karɓi madaɓi daga hannun yarona ta ce, "Kawo nan, ɗana, wannan ba aikin maza ba ne."

Tun ranar ciniki wani dattijo ya ce mini, "Malam, kuɗin nan ai ya isa mu yi sabon ɗakin bulo." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, zai isa. Amma ba a cikinsa aka koya maka baƙi ba." Ya yi shiru, washegari shi ya fara kawo buhun masara a matsayin kafin alƙalami.

Kafin mu tashi na zaunar da samari biyu na majami'ar na nuna musu yadda ake duba rufi da share indararo kafin ruwan farko, da yadda ake cike tsaga tun tana ƙarama, da kwaɓin yaɓe. Na roƙi Fasto ya sa ranar wannan aiki cikin tsarin shekara, a watan Afrilu. Ragowar kuɗinmu mun yarda a biya bayan an sayar da waken soya.