Sunan da ke gindin takobi

Ƙaramin kamfanina a Ingila aikinsa tantance tsofaffin takubban Japan: zamanin da aka ƙera takobi, gidan ƙirar da ya fito, da abin da zai iya kawowa a gwanjo. Mu biyu ne, ni da ɗan yayata. Yawancin masu zuwa wurinmu magada ne, kakansu ya dawo da takobin daga yaƙin Bama, wanda sojojinmu na Najeriya ma suka je, bayan Japan ta miƙa wuya a 1945. Duk buƙatarsu ɗaya ce, a karanta musu sunan maƙerin.

Ni kuwa sunan ne ƙarshen abin da nake dubawa. Ɗan yayata da farko ya ƙosa da wannan tsari. "Kawu, ga suna a rubuce, me za mu tsaya nema?" Na ce masa suna da'awa ce kawai, kowa na iya sassaƙa ta, shaida tana jikin ƙarfe. Don haka nakan ɗaga takobin in ga tsayinsa da lanƙwasarsa, in karkata shi gaban kwan fitila in bi hamon, wato farar zanar da horon wuta da ruwa ke bari a bakin kaifi, in duba saƙar ƙarfen da ninki ya haifar. Daga nan nake yanke ko ƙirar kafin 1596 ce, shekarar da ake raba tsohuwar ƙira da sabuwa, ko ta bayanta, da kuma gidan ƙirar da ya fito, ko Bizen ne, ko Mino, ko Soshu. Sai na tsayar da ra'ayi nake fitar da ɗan tsinken gorar da ke riƙe ƙota.

Gindin da ke ɓoye cikin ƙota, nakago, nan ne aikin yake. Tsatsar shekara ɗari huɗu baƙa ce wuluk, ta kwanta luf, ba ta ɓarewa. Ta jiya ja ce, tana bin yatsa. Ina duba zanen magagari, don kowane gida da yadda yake gogarsa, in ƙirga ramukan tsinke, sannan in sa madubin ƙara girma a kan rubutun. Ba jan layi aka yi ba, bugu ne ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfen sassaƙa, kuma maƙerin da ya saba rubuta sunansa hannunsa gudu yake yi. Mai kwaikwayo yana ɗari-ɗari, za ka ga inda ya tsaya ya leƙa samfur. Idan tsatsar cikin rubutu ta saɓa da ta kewayensa, magana ta ƙare.

Jabun suna ba sabon abu ba ne, tun zamanin samurai, mayaƙan Japan na dā, ake yinsa. Nagasone Kotetsu, maƙerin birnin Edo (Tokyo ta yau) na ƙarni na 17, an kwaikwaye shi har masu sana'a suka ɗauki duk takobi mai sunansa jabu ne sai an tabbatar. Shahararren maƙeri Masamune kuwa ƙalilan ne ayyukansa masu suna, domin dogayen takubban zamaninsa an gajarta da yawa daga gindi, sunan ya tafi. Shi ya sa wani takobin marar suna zai iya fin mai suna daraja nesa ba kusa ba. Ko sunan gaskiya ma bai isa ba: maƙera da dama a garin Osafune na Bizen sun sa sunan Sukesada, wasu gwanaye, wasu masu ƙirar yayi don yaƙi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne gogewa. Wata baiwar Allah ta kawo takobin mahaifinta, ƙira mai kyau ta Mino, amma an bi gindinsa da samfefa har yana walƙiya, wai don rubutu ya fito. An kankare shaidar shekarunsa, kuma babu mai iya mayar da ita. Da ƙyar na iya gaya mata.

Ni ba na sayen takobin da na yi wa ƙima, kuma ladana tsayayye ne, ba kason farashi ba, don kada kwaɗayi ya karanta min suna. Idan na ga alamar babban abu, sai in ba da shawarar a kai shi Tokyo gaban alƙalan NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da aka kafa a 1948, masu ba da takardun shaida daga matakin farko, Hozon, har zuwa na ƙoli, Tokubetsu Juyo. Katin rajistar gwamnatin Japan daban ne, izinin mallaka ne, ba ya gaskata suna. Idan alƙalai suka ƙi sunan, wasu kan sa ƙwararre ya shafe shi a sake gabatar da takobin ba suna. Ina yarda da haka ne kawai in ƙarfen ya cancanta, bayan mun ɗauki hoton rubutun da tambarinsa a takarda mun ba mai shi ya adana.