Dalet da Kalapanzin ba sunayen Turawa ba ne

Duk ɗan Kaduna ya san barikin Dalet na Kawo, ya san Kalapanzin, ɗan Zariya kuma ya san Chindit inda ake horas da kuratan soja, amma ka tsayar da ɗalibin sakandare ka tambaye shi ina aka samo sunayen nan, wallahi sai dai ya ce maka sunan wani Bature ne. To ba haka ba ne. Dalet da Kalapanzin wurare ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake cewa Myanmar, can kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan a yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. Chindit kuwa sunan rundunar nan ce ta Janar Wingate da ta shiga bayan layin abokan gaba a 1944, har da bataliyoyin Najeriya a ciki. Haka barikokin Arakan da Myohaung na Legas, duk daga can ne.

Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne suka tafi, akasarinsu 'yan Najeriya, kuma da yawa daga Arewa aka kwaso su, wasu da son ransu wasu kuwa sarki ne ya ce hakimi ya kawo mutane, hakimi ya ce wa dagaci, shi kenan sai ka ga yaro a jirgin ƙasa ya nufi Ikko daga nan sai teku. Hausa ma ake yi a bariki lokacin, har hafsoshin Turawa sai da suka koya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan dako, mutanen da ba su da suna a littafi, su ne ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin ƙungurmin dajin Kaladan inda mota ba ta shiga, ga damina ga sauro ga tsutsar nan mai shan jini. Waɗanda ba su dawo ba sunayen wasunsu na nan rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

An gama yaƙin nan tun 1945 fa. Wanda ya tafi yana saurayi yau ya doshi shekara ɗari in ma yana raye. Waɗannan kusan mun makara. Amma 'yan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna nan, 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka je Laberiya da Saliyo ma suna nan a unguwanninmu, wani gadi yake yi a ƙofar wani kanti muna wucewa muna ce masa "baba soja" shi kenan.

Ranar 15 ga Janairu kowace shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a yi fareti, a ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su manna bajo a ƙirji, washegari kowa ya kama gabansa. Ban ce kar a yi ba, amma ɗan aji uku me ya ƙaru da shi? Dama ga darasin tarihi an cire shi daga manhaja shekara da shekaru kafin a dawo da shi.

Ni a ganina malamin tarihi bai buƙatar jiran gwamnati. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na nan a jihohi, a je a gaida su a roƙi mutum ɗaya ya zo aji, ko yara su je gidansa da waya su ɗauki muryarsa, da izininsa mana. Kuma kar a tsaya kan jarumta kawai, a tambaye shi me suka ci, wa ya rubuta masa wasiƙa gida, fansho ya fito ko har yau ana ta kai takardu. Matan waɗanda suka rasu ma a je wajensu, sau da yawa takardar sallama da lambobin yabo suna ƙasan akwatinsu, a ɗauki hoto kafin gara ta riga mu.